Ƙanƙara a Jikin Jirgin Sama

Ko ana zafi a Dogon Dutsi da Tibiri, can sama sanyi ake yi. Duk kilomita 1 da jirgi ya hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Cikin gajimare akwai ɗigon ruwa mai sanyi ƙwarai. Da ya taɓa jirgi sai ya daskare.

Ƙanƙara tana ɓata siffar fiffike, iska ta kasa ɗaukar jirgin. Tana kuma toshe abubuwan awo.

Ranar 24 ga Yuli 2014, jirgin Air Algérie ya taso daga Wagadugu. Ƙanƙara ta toshe ma'aunin injinansa, don ba a kunna abin ɗumama su ba. Ya faɗi kusa da Gosi, ƙasar Mali. Mutum 116 suka rasu.

Shi ya sa matuƙi yake kauce wa hadari, yana ɗumama inji da fiffike.