Kafin Ku Gaya wa Manomi Abin da Zai Shuka

'Ya'yana masu karatun tattalin arzikin noma, na ji an ce da yawanku yanzu hankalinku ya karkata ga lissafin zaɓi, irin lissafin nan da ake ba kwamfuta girman gona da yawan hannun aiki da kuɗin taki, ita kuma ta faɗi abin da za a shuka da yawansa. Na yi murna ƙwarai. Ilimi ne mai albarka, kada kowa ya tsorata ku da shi. Sai dai akwai wani malami da nake so ku san yadda ya tafiyar da aikinsa tun ba ku yi nisa ba, domin a ƙasarmu ya yi shi, a gonakin kakanninku.

Shi wannan lissafi ba a gona aka haife shi ba. Leonid Kantorovich ya fara tsara shi a Tarayyar Sobiyat a 1939, lokacin da wata masana'antar katako ta nemi a nuna mata yadda za ta raba aiki tsakanin injinanta. George Dantzig ya fito da hanyar warware shi a 1947 yana yi wa rundunar sojan sama ta Amurka aiki. Earl Heady na Jami'ar Jihar Iowa yana cikin waɗanda suka shigar da shi harkar noma, shi da Wilfred Candler suka rubuta littafi a kai a 1958. Yadda yake aiki ba wuya a faɗa. Kai ne za ka gaya masa buri guda, galibi riba mafi yawa. Kai ne za ka lissafa masa iyakokinka: fili kaza, ma'aikata kaza, jari kaza. Shi nasa kawai ya lalubo tsarin da ya fi cika wannan buri ba tare da an ƙetare iyaka ba. Ku lura da kyau, burin daga bakinka ya fito. Idan ka faɗa masa abin da ba shi ne a zuciyar mai gonar ba, zai ba ka amsa daidai ga tambayar da ba wanda ya yi.

A 1965 wani matashi ɗan Ingila mai suna David Norman ya zo Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A wancan zamani shawarar da malaman gona suka fi kai wa ƙauye ita ce a shuka iri ɗaya a gona ɗaya, a jere, tsaf. Manomi kuwa ya ƙi. Zai saurare ka da ladabi, ya ce to madalla, kana juya baya ya haɗa gero da dawa da wake a kunya guda, wani ma ya yi gicci a gonar gyaɗa. Masu ilimi da yawa suka yanke hukunci cewa duhun kai ne da riƙon al'ada.

Norman bai yi gaggawar yanke nasa hukuncin ba. Ya zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zazzau, Hanwa da ke gab da Zariya, da Doka da ke bakin hanyar Kano, da Ɗan Mahawayi da ke can ciki, don ya ga ko kusanci da kasuwa na sauya lissafin mutum. A tsakanin 1966 da 1967 masu tattara bayanansa suka riƙa komawa wurin magidanta iri ɗaya a kai a kai har shekara ta zagayo, suna rubuta wa ya je gona, wace gona, wane aiki, awa nawa, me aka girba, me aka sayar. Aiki ne mai gajiyarwa, ba kuma wanda ke yi wa mai yinsa tafi. To amma abin da ya fito daga ciki shi ne har yau ake ambatonsa da shi.

Ya gano cewa abin da ya fi ƙaranci a gidan manomi a lokacin, hannun aiki ne a watannin Yuni da Yuli, sa'ad da noman firi da maimai da sauran shuka suke haɗuwa a kan mutum ɗaya da fartanya ɗaya. Gonar da aka gauraya iri, noma guda ya wadatar da amfani biyu ko uku. Idan aka haɗa kuɗin duk abin da ta bayar, takan fi gonar iri ɗaya, ko an auna da fili ko an auna da gumin manomi na waɗancan watanni. Sannan samunta bai cika hawa da faɗuwa ba. Gero zai nuna da wuri ya kashe yunwar damina, yara su ci tumu. Dawa ta ci gaba da shan sauran ruwa har kaka. Wake ya zo daga baya, ya bar harawa ga tumaki. Idan fari ya kama ɗaya, ɗayan ya rufa asiri. Norman ya wallafa wannan a wata mujallar nazarin ci gaba a 1974. Haka ma batun auduga. Bincike ya ce a shuka ta da wuri don ta fi yabanya, kuma gaskiya ne a filin gwaji. Amma wurin nan shi ne lokacin da magidanci ke noman hatsin da iyalinsa za su ci, shi ya sa yake jinkirta ta sai ya ga abinci ya tsaya da ƙafarsa. Wa zai ce wannan mutum bai iya lissafi ba?

Bari in tsaya a kan batun hawa da faɗuwa, don a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. A ce gona biyu. Ta farko ta ba da buhu 20 bana, baɗi ta ba da 4. Ta biyu ta ba da 11 bana, 11 baɗi. A takarda ta farko ce ta yi nasara, matsakaicinta 12. A gida kuwa, shekarar buhu 4 ita ce shekarar da ake sayar da sa, a ci bashi, wani lokaci a jinginar da gonar kanta. Mai rumbu ɗaya ba ya rayuwa a kan matsakaici.

Masana lissafin su ma ba su zauna ba, kuma ya kamata ku karanta su. Herbert Simon, wanda ya samu kyautar Nobel a 1978, ya nuna cewa mutane a zahiri sukan nemi abin da zai wadatar, su tsaya a nan. Charnes da Cooper sun shimfiɗa hanyar da ake ba lissafin buri da yawa lokaci guda, a ce masa hatsin gida kada ya gaza kaza, bashi kada ya wuce kaza, sannan a nemi riba. Peter Hazell ya kawo hanyar saka kasadar noma a cikinsa a 1971. Carlos Romero na Sifaniya da Tahir Rehman suka yi littafi sukutum a 1989 kan yanke shawarar noma da ma'aunai da yawa. Kayan aiki dai an tanada muku. Abin da babu littafin da zai ba ku shi ne jerin burin Malam wane na ƙauye kaza, da wanda yake sa wa a gaba idan biyu suka yi karo. Wannan sai an zauna a kan tabarmarsa.

Kada kuma ku ɗauki maganata ku mai da manomi waliyyi wanda ba ya kuskure, ko wanda ba ya son sabon abu. Daga tsakiyar shekarun 1970, da shirin raya noma na Funtuwa da irinsa suka kawo ingantaccen irin masara da taki da hanya, mutanen nan da aka ce sun ƙi canji su ne suka rungumi masara har ta mamaye gonakin yankin. Da lissafin ya biya, ba a roƙe su ba.

Norman ya bar Samaru a 1976 ya koma Jami'ar Jihar Kansas a Amurka, daga baya ya yi shekaru yana aiki a Botswana. A 1982 shi da Emmy Simmons da Henry Hays suka fitar da littafi kan tsarin noma a yankin sabana na Najeriya. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka kafa salon binciken da ke farawa daga gidan manomi gaba ɗayansa kafin a koma filin gwaji. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wuri guda yana bin tambaya kusan guda.

Na san zamaninku da matsi. Ana ƙirga muku takardu kafin ƙarin girma, kuɗin bincike ba ya isa, wasu hanyoyin ƙauyen ma yanzu sai da addu'a. Amma ina roƙonku da abu ɗaya: kada ku zauna a gindin bishiya ku cika takardun tambaya da hannunku, ku ce manoma ne suka amsa. Kwamfuta ba za ta tona muku asiri ba, za ta karɓa ta fitar da tebur mai kyau, wani kuma ya ɗora shawara a kai ta isa gonar bawan Allah. Gara gida talatin da kuka sani da gaske a kan ɗari uku na ƙarya.

Ku kuna da abin da Norman bai zo da shi ba, harshen nan a bakinku kuka tashi da shi, wasunku ma da fartanya a kafaɗa. Wanda zai fara bincike a bana, ya daure ya je ƙauyen da ya zaɓa a watan Yuni, ya ga noman firi da idonsa, ya tambayi maigida da uwargida abin da suke tsoro a wannan damina. In ya dawo, sai ya buɗe kwamfutar. Allah ya ba ku ilimi mai amfani.