Dokar 10H: Yadda Tazara Tsakanin Gida Da Fankar Lantarki Ta Zama Rigima A Jamus

Masu bibiyar labaran fasaha sun saba ganin hotunan manyan fankokin da iska ke juyawa su samar da lantarki. A hoto abin sha'awa ne, amma wanda aka kafa ɗaya a bayan gidansa yana da nasa ƙorafin. Darasin yau zai duba yadda jihar Bavariya da ke kudancin Jamus ta bi da wannan ƙorafi.

Abu biyu maƙwabtan fankokin suka fi kuka da shi: ƙara da dare, da inuwa. Idan rana ta yi ƙasa da hantsi ko da yamma, ta faɗo bayan fanka, fikafikan nan uku sai su riƙa yanka haskenta, ɗaki ya dinga haske yana duhu kamar ƙwan lantarki mai shirin mutuwa. Wannan ba raki ba ne. Shi ya sa ƙa'idar Jamus ta ce kada inuwar ta wuce minti 30 a rana a kan gida, ko awa 30 a shekara idan aka ƙaddara kullum akwai rana. Manhaja ce ke kula da wannan. Tana da taswirar gidajen, ta san inda rana take a kowane minti, ga na'urar auna haske a jikin fankar. Da an cika adadin, sai ta tsayar da fikafikan har inuwar ta gota. Ita ma ƙara tana da iyaka: desibel 45 da dare a ƙauyuka.

Duk da haka, a Nuwamban 2014, zamanin Horst Seehofer, Bavariya ta fito da dokar 10H. Harafin H na nufin tsayin fanka daga ƙasa zuwa ƙarshen fiffike, kuma tazararta da unguwa sai ta ninka tsayin sau 10, sai fa idan ƙaramar hukuma ta tsara ta amince da ƙasa da haka. Fanka mai mita 200 kenan sai ta yi nisan kilomita 2.

Mai karatu ya buɗe kalkuletar wayarsa. Faɗin da'ira shi ne 3.14 sau tazara sau tazara. Tazarar kilomita 1 tana rufe murabba'in kilomita 3.14 a kewayen gida, ta kilomita 2 kuwa tana rufe 12.56. An ninka tazara sau biyu, filin da aka hana ya ninku sau huɗu. A jihar da ƙauyuka ke kusa da juna, da'irorin sai suka haɗe, gina sabbin fankoki ya kusa tsayawa cak. Aibin dokar a fili yake: tsayi take aunawa, alhali ƙara da inuwa ne ke damun mutane, kuma su ana iya auna su kai tsaye.

Akwai kuma tsoron wani sauti mai zurfi da kunne ba ya ji. Masu adawa sun daɗe suna kafa hujja da binciken hukumar gwamnati mai suna BGR, har Stefan Holzheu na Jami'ar Bayreuth ya sake lissafin ya ga bai daidaita ba. A 2021 hukumar ta amsa cewa ta yi ƙarin desibel 36, wato kusan ninki 4,000, ministan tattalin arziki Peter Altmaier ya ba da haƙuri.

A Nuwamban 2022, lokacin da gas ɗin Rasha ya yanke, Bavariya ta sassauta: mita 1,000 ya wadatar a dazuzzuka, gefen manyan hanyoyi da layin dogo. Wata dokar tarayya kuma ta wajabta ware kashi 2 cikin 100 na ƙasar Jamus don fankoki zuwa ƙarshen 2032.