Shaida tana lalacewa tun kafin ta iso kotu

Fayil ɗin shari'ar kisa ko ta garkuwa da mutane da ke zuwa mana daga Sabon Birni ko Isa yawanci siriri ne. Ka buɗe, ka tarar da bayanin ɗan sandan da ya yi bincike, da bayanin mutum ɗaya ko biyu, sai takardar da aka ce wanda ake tuhuma ya amsa laifi a cikinta, da dangwalen yatsansa a ƙasa. Babu rahoton likita, babu hoton wurin da abin ya faru, babu kwanson harsashi ko ɗaya. A aikina na lauya na tsaya a ɓangaren masu ƙara, na kuma tsaya a ɓangaren masu kare kansu, kuma irin wannan fayil ba ya yi wa kowa daɗi. Mai laifi yakan kuɓuta da shi, marar laifi kuma yakan ruɓe a gidan yari da shi.

Mutane suna jin labarin gwajin DNA da zanen yatsa, suna ɗauka abu ne na manyan birane da manyan injina. Gaskiya ne injinan sun yi mana nisa. Cibiyar gwajin DNA da gwamnatin Legas ta buɗe a 2017 ma an ƙona ta a rikicin Oktoban 2020. Amma abin da na gani a aiki shi ne, ko da an kafa ɗakin gwaji a tsakiyar kasuwar Isa, yawancin shaidunmu sun riga sun lalace a awannin farko, a hannun mutanen kirki da ba su san shaida suke riƙe da ita ba.

Ɗauki kwanson harsashi. Bayan hari yara ne ke tsince su, su yi wasa da su, ko a sayar wa 'yan gwangwan. Alhali a gindin kowane kwanso akwai lamba da ke nuna masana'antar da ta ƙera shi, sau da yawa har da shekara. Kowace bindiga kuma tana barin tabonta a jikin kwanson da ta tofar, ta yadda gwani zai iya cewa bindigar da ta yi aiki a wannan ƙauye ita ce aka kama a hannun wane. Da irin waɗannan lambobi na jikin makamai ne wata ƙungiyar bincike, Conflict Armament Research, ta nuna a rahotonta na 2020 cewa wasu bindigogin da aka kama a arewacin Najeriya sun fito ne daga rumbunan Libiya da Kwaddebuwa. A harin da aka kai ƙauyukan Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa a watan Mayun 2020, inda aka kashe mutum fiye da 70, kwanso nawa ya zuba a ƙasa? Wanda ya tsinta ya ɗauka da tsumma mai tsabta, ya sa a ambulan na takarda, ya rubuta rana da wuri da sunansa, ya kai wa hukuma ta hannun mai gari. Kada a ajiye shi a ɗaki, don gobe wani bincike ya zo gidan, kwanson ya zama abin tuhumar mai shi.

Maganar gawa ita ce mai nauyi, kuma ba na son a fahimce ni baibai. Addininmu ya ce a gaggauta suturta mamaci, kuma wanda aka kashe masa ɗa ba ya da zuciyar jiran likita daga Sakkwato, ga hanya ba lafiya. Ba cewa nake a riƙa feɗe kowace gawa ba. Kotunan Najeriya sun daɗe da yarda cewa idan mutum ya mutu nan take a gaban shaidu, ba lallai sai da rahoton likita ba. Amma tsakanin fiɗa da binnewa ba tare da komai ba akwai fili mai faɗi. Kafin a yi wanka, mutum ɗaya mai natsuwa ya ɗauki hoton fuska da na raunuka, cikin mutunci, ba don yaɗawa a Facebook ba. Idan akwai ma'aikacin lafiya a kusa, ya duba ya rubuta ya sa hannu. Rigar da jini ya ɓata a shanya ta a inuwa, a naɗe a takarda, domin leda tana riƙe danshi, danshi kuma yana ruɓar da abin da za a gwada. Duk wannan ba ya kai tsawon lokacin haƙa kabari. A Disambar 2021, lokacin da aka ƙona matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa, da yawa ba su ganuwa. A irin wannan hali haƙori da ƙashi sukan riƙe abin da za a iya gwadawa da na 'yan uwa, a san wane ne wane, matar mutum ta san takaba take yi ko jira, a san yadda za a raba gado.

Wadda aka yi wa fyaɗe, ko ta dawo daga hannun 'yan bindiga, a kai ta asibiti cikin awa 72 in da hali, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokaci yake aiki. Kada a wanke tufafinta. Akwai Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato da aka tanada don haka.

Sai waya, wadda ita ce shaidar da ta fi yawa a yankinmu yanzu. Kowa ya ga bidiyon marigayi Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana roƙo a hannun waɗanda suka sace shi a 2024, Allah ya jiƙansa. Muryoyin cinikin kuɗin fansa kuwa suna yawo a WhatsApp kamar gaisuwa. Sai dai abin da ya bi hannu goma kafin ya iso gare ka yana da rauni a kotu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar a nuna na'urar da ta samar da abin, da cewa tana aiki daidai, sannan wani ya sa hannu a takardar tabbaci. Saboda haka wayar da aka yi kiran da ita, da layin da ke ciki, su ne dukiyar. Kada a goge, kada a sayar, kada a jefar da layin don tsoro. Wani cikas namu na bakin iyaka shi ne, tun lokacin da aka katse layukan waya a 2021 mutane da yawa suka koma layukan Nijar, kuma bayanan waɗannan kiraye-kiraye suna hannun kamfanonin wata ƙasa.

A nan ne kuma nake son a ja birki, domin shaidar kimiyya ba wahayi ba ce. A Amurka, hukumar FBI ta yarda a 2015 cewa masananta sun wuce gona da iri a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'un da ta sake dubawa waɗanda aka kwatanta gashi a cikinsu. A 2004 hukumar ta ce zanen yatsan wani lauya, Brandon Mayfield, ya dace da wanda aka samu bayan harin jiragen ƙasa na Madrid, aka tsare shi, daga baya 'yan sandan Sifen suka gano na wani ne daban. Idan masu kayan aiki suna irin wannan kuskure, ina ga wanda ya karɓi wayar maƙwabcinsa, ya ga lambar ɗan bindiga, ya yanke cewa infoma ne? A ƙauyukan Sabon Birni da Isa, wa ba ya da irin wannan lamba? Wanda ya yi cinikin fansar ƙanensa yana da ita. Mai garin da aka tilasta wa tara harajin noma yana da ita. Lamba tana nuna an yi kira, ba ta nuna abin da aka faɗa. Murya kuma ana iya yanke ta, a haɗa, yanzu har kwamfuta tana kwaikwayonta. An rasa rayuka a hannun 'yan sa-kai a kan abin da bai fi wannan ƙarfi ba, kuma kabari ba a ɗaukaka ƙara daga cikinsa.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Fiƙihun Malikiyya da muka gada ya san alamomi, ya kuma san maganar wanda aka raunata ya ambaci wanda ya kashe shi kafin ya cika, amma bai ɗauke ta hukunci kai tsaye ba, sai an haɗa da rantsuwa hamsin. Dokar Shaida ma tana karɓar irin wannan magana, don haka wanda ya ji ta ya rubuta ta yadda aka faɗa, da sunayen waɗanda ke wurin.

Takardar amsa laifi ita ce ta fi ba ni tsoro. Karon farko da aka yi amfani da DNA a binciken kisa, a Ingila a 1986, abin da gwajin Alec Jeffreys ya fara yi shi ne wanke wani matashi da ya riga ya amsa kisan da bai yi ba. Mutum yakan amsa don duka, ko yunwa, ko alkawarin saki. Shi ya sa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Jihar Sakkwato ta yi tata a 2019, ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake tuhuma a bidiyo ko a gaban lauya, wata doka ta 2017 kuma ta haramta azabtarwa. Ɗan sandan da ya tsallake wannan yana jefa shari'arsa a rami, domin lauya irina zai nemi a fitar da takardar, idan kuma ta fita babu komai a bayanta.

Roƙona ga iyayenmu hakimai da dagatai, da limamai, da askarawan da gwamnatin jiha ta kafa a 2024: kowane gari ya samu littafi ɗaya da mutum ɗaya mai rubutu. Duk abin da aka tsinta a rubuta wanda ya tsinta, a ina, yaushe, ya ba wa. Idan an miƙa wa 'yan sanda, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da lambarsa ya sa hannu. Tambayar farko da lauyan mai kare kansa zai yi a kotu ita ce hannun wa da wa kayan suka bi, kuma idan hannu ɗaya ya ɓace a lissafin, alƙali yana da damar ajiye su gefe ko da sakamakon gwaji ya fito daidai.