Idan Ɓarawo Ya Shigo Ta Waya

Ɗana, matso kusa, domin maganar ta ciniki ce kuma ba na so in ɗaga murya a kanta. A da, in aka yi wa ɗan kasuwa sata a Damagum, da safe za a ga ƙofar shago a ɓalle, kwaɗo a ƙasa, maƙwabta sun taru suna jaje, kowa ya gani kuma kowa ya shaida. Yanzu kuwa mutum yana zaune a kan bencinsa, kayansa cif a kanta, sai waya ta yi ƙara, ya duba ya ga kuɗin da ya tara na sarin riɗi sun tafi, ba a taɓa masa kwaɗo ba, ba wanda ya ji motsi. Wannan satar tana zuwa da kunya, domin wanda aka yi wa yakan ga kamar da hannunsa ya buɗe ƙofar, saboda haka sai ya yi gum, shirun nan kuwa shi ɓarawon yake buƙata.

Ka san yadda muka faɗa cikin wannan hali. A ƙarshen 2022 Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi wuyar gani, har dattijon da bai taɓa yarda da banki ba ya koma karɓar tiransifa a kan buhun gero. Mai POS ya zama bankin unguwa, dillali a kasuwar shanu ta Potiskum ya koma jiran alat kafin a loda dabba a mota. Ban ga aibun abin ba, ya rage wa bayin Allah yawo da damin kuɗi a hanya, sai dai mun shige shi da gaggawa, ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga inda ramuka suke. Sai ga mai kira da murya mai daɗi yana cewa daga banki ne, BVN ɗinka ya sami matsala, karanto masa lambar da aka turo maka. Sai ga wani ya ce za a yi taron ƙungiya ta waya, turo masa lambobi shidan da WhatsApp ya aiko, kana turawa ya ƙwace shafin, ya hau rancen kuɗi da sunanka a wurin duk wanda ke ganin girmanka. Wani kuma wayar ce za a zare masa a cunkoson ranar kasuwa, kuma ba ita suke so ba, layin da ke ciki suke so.

To, in ƙaddara ta faɗa maka, Allah Ya kiyaye, ka yi salati ka miƙe, kuka yana da lokacinsa a gaba. Kuɗin da aka kwashe ba sa kwana a asusun da suka fara sauka, ana rarraba su zuwa wasu asusun cikin ɗan lokaci, saboda haka duk jinkirin da ka yi kyauta ce ka ba ɓarawo. Ka rufe asusun nan take. Bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu ko da wayar aro ce, kuma kamata ya yi ka nemi ta bankinka tun yau ka rubuta a bangon littafin shago. Ka kira bankin, in reshen yana Potiskum ko Damaturu ka hau mota ka je da ƙafarka, ka rubuta koke, ka karɓi lambar shaidar koken, ka roƙi a tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga a dakatar da asusun. In layi aka sace, ka je ofishin kamfanin da lambar NIN ɗinka a yi maka walkam bak, tsohon sim ɗin ya mutu a hannunsu. In WhatsApp ne, ka sake yin rajista da lambarka, da zarar ka shiga an fitar da wancan, ko da yake in ya riga ya sa lambar sirri tasa za ka jira kwana 7. Kada ka goge saƙo ko ɗaya don baƙin ciki, domin su ne shaidarka a gaban ƴan sanda ko EFCC, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta san da irin wannan ta'asa. In banki ya yi mako 2 bai warware maka ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Ba zan yi maka alkawarin kuɗin za su dawo ba, sau da yawa ba sa dawowa. Amma ka kiyayi ɓarawo na biyu, wanda zai ɓullo ya ce ya san hanyar kwamfuta, ka ba shi wani abu ya dawo maka da su. Mai neman a biya shi kafin ya yi maka wannan aiki ragowar aljihunka yake hange.

Abin da ya fi wuya shi ne buɗe baki, kuma shi na fi so ka riƙe. A ranar, ba washegari ba, ka sanar da masu sayen kayanka da waɗanda kake sari a wurinsu, ka sa a faɗa a masallacin unguwa in ta kama, cewa an yi maka kutse, duk wanda ya ga saƙo da sunanka ana neman kuɗi kada ya tura. Na san zuciya za ta ce maka mutane za su yi dariya, za su ce wane da duk wayonsa. Za su faɗa, kwana biyu ne su manta. Amma in ka ɓoye har aka damfari mutum uku da sunanka, wannan ba a mantawa, domin su a wurinsu kai suka ba, kuma tambayar da za su yi maka ita ce tun yaushe ka sani. Ke ma ƴar'uwata, da kike sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗaki kina sawa a sitatus, ko kike riƙe da adashen matan unguwa, maganar ta fi shafar ki, saboda jarinki duka yarda ce. Ki aiki yara gida gida su faɗa, kada ki jira a ji daga bakin wata.

Manyan kamfanoni ma da haka suke tsira. A watan Maris 2019 ƴan kutse suka kulle kwamfutocin Norsk Hydro, kamfanin alminiyam na ƙasar Norway, suka nemi kuɗin fansa. Kamfanin ya ƙi biya, ya fito fili yana gaya wa duniya halin da ake ciki, ma'aikata suka koma aiki da biro da takarda, har waɗanda suka yi ritaya suka dawo taimako saboda sun san yadda ake sarrafa injinan da hannu. Sun yi asara mai yawa, amma abokan cinikinsu ba su gudu ba.

Bayan an tsayar da jinin sai a zo ga lissafi, kuma a nan ake gane wanda zai tashi da wanda zai daɗe a ƙasa. Wa ke bin ka, wa kake bi, nawa ne, yaushe aka yi za a biya? In duk wannan yana cikin wayar da ta tafi, ka yi asara biyu, domin ba kowane mai bashi ne zai tuna da kansa ba. Bari in ba ka labarin Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmark wanda kwantenoninsa ke sauka a Apapa. A watan Yuni 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya, wadda ta taso daga Yukiren, ta lalata musu kwamfutoci a faɗin duniya cikin ƙanƙanin lokaci. Akwai wani kundi da sai da shi sauran kwamfutocin ke gane ma'aikatansu, suna da kwafinsa a ofisoshi da yawa, amma da yake duk a haɗe suke da juna, duk suka tafi tare. Guda ɗaya tak ya tsira, a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta kafin harin, na'urar tana kashe. Ashe ɗauke wuta ma da ranarsa. Daga Najeriya aka wuce da faifan Ingila, a kansa suka sake kafa kwamfuta 45,000 cikin kwana 10, duk da haka asarar ta doshi dala miliyan 300. Su sa'a ce ta cece su, kai kuwa littafi mai bango na ƴan nairori ya ishe ka, ka riƙa rubuta bashi da sari a ciki kowane dare ka ajiye a gida. Manomi ba ya zuba iri a rumbun da ake ɗiban na tuwo. Mu nan Yobe ai mun ɗanɗana, a watan Mayu 2013 da aka sa dokar ta-ɓaci aka katse layukan waya makonni da dama, kasuwa ta ci gaba da ci, domin lissafi yana takarda kuma mutane sun san juna ido da ido. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

In za ka sake ɗaura ɗamara, ka raba ƙafa. Layin da banki ya sani ya zauna a ƙaramar waya a gida, da lambar sirri a kan sim ɗin kansa, kada ya zama shi ne kake bai wa kowa a kasuwa. Asusun karɓar ciniki daban, na ajiyar jari daban, kuma kada kaya su bar shago sai ka buɗe asusun ka ga kuɗin da idonka, domin alat da rasit duk ana ƙirƙirarsu. Ka sa wa WhatsApp lambar sirri ta biyu, kada ta zama shekarar haihuwarka.

Sai maganar yaran shago, kuma a nan ina roƙon ka da girman Allah. Mutum in ya yi asara idonsa yakan faɗa kan na kusa da shi, ga yaron da ke riƙe POS, ga wanda ya taɓa ganin ka kana danna lamba. Ka canja duk lambobin, wannan haƙƙinka ne, amma kada ka ɗora wa ɗan mutane sata ba da hujja ba, domin mai kutsen yana iya kasancewa a garin da ba ka taɓa takawa ba, shi kuwa yaron a garin nan zai nemi aure, kuma tabon da ka sa masa zai riga shi isa gidan surukai.

Waɗanda ke bin ka kuwa, kada ka jira su zo. Ka yi wanka ka sa rigarka ka je ka same su, ka nuna musu takardar koken banki, ka faɗi abin da za ka iya biya yanzu da ranar da za ka cika, a rubuta a gaban shaidu. Kada zafin asara ya tura ka ga bashin nan na cikin waya mai ruwa, wanda in ka yi jinkiri za su bi lambobin da ke wayarka suna aika wa jama'a cewa kai macuci ne. Uban gidan da ya shekara goma yana ba ka kaya ya fi su sanin ko kai wane ne, kuma galibi zai ƙara maka ko rabin abin da ya saba, ka juya, ka kawo masa a ranar da kuka rubuta.