Kan Sarki

Kan sarki shi ne ɗan guntun takardar nan da akan liƙa wa wasiƙa a gidan waya. An fara yinsa a Ingila cikin 1840, da hoton Sarauniya Biktoriya. Ya sami sunansa ne domin hoton kan mai sarauta aka saba bugawa a kai.

Nijeriya ta Arewa ta sami nata cikin 1900. Da aka haɗa Arewa da Kudu cikin 1914, sai aka daina buga su. Yanzu wasu daga cikinsu sun yi ƙaranci, masu tara su suna nema ruwa a jallo. Na fam 25, wanda aka fitar cikin 1904, shi ya fi wuyar samu.

Yaron Gwarzo ko na Kabo, in ya tarar da tsohuwar wasiƙa cikin adakar kakansa, kada ya ɓamɓare kan sarkin. In haƙoran gefensa suka yage, darajarsa ta faɗi. Gara ya bar shi jikin ambulan, gama hatimin gidan waya yana nuna gari da rana.

Akwai kuma na jabu. Na gaske na wancan zamani yana da alamar kambi da haruffan CA ɓoye cikin takardar. Mazambata sukan kwaikwayi hoton, amma wannan alama takan ba su wuya.