Darasin Kimiyya: Yadda Ake Ɗora Muryar Mawaƙi a Bakin Ɗan Wasa

A ranar 13 ga Yuli, 1985, ƙungiyar mawaƙa ta Queen ta hau dandamali a filin wasa na Wembley da ke Landan, a taron Live Aid da aka shirya don agaza wa mutanen Habasha da yunwa ta addaba. Minti ashirin da ɗoriya suka yi suna waƙa a gaban mutum kusan 72,000. Jagoransu, Freddie Mercury, ya rasu a 1991. A 2018 aka fito da fim ɗin tarihin rayuwarsa, Bohemian Rhapsody, aka sake shirya wannan wasa a ciki. Bakin da ake gani na ɗan wasa Rami Malek ne, amma muryar da ake ji a wannan wuri ta Freddie ce, wadda aka naɗa tun ranar taron. To, me ya sa mai kallo yake gamsuwa cewa daga bakin Malek take fitowa? Wannan shi ne darasinmu.

Mu fara da sauti. Sauti karkarwa ce da ke ratsa iska. Idan mawaƙi ya rera waƙa, tantanin maƙogwaronsa yakan yi karkarwa ya ture iskar da ke kusa, ita ma ta ture ta gabanta, a haka har a kai ga dodon kunne. Wannan tafiya tana cin lokaci. A yanayi mai matsakaicin zafi, sauti yana cin mita 343 a sakan ɗaya. Haske kuwa, wanda da shi muke gani, yana cin kimanin kilomita 300,000 a sakan guda. Shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Haka kuma idan ka hangi mace tana daka daga nisan mita 100, za ka ga taɓarya ta sauka, sai bayan kusan sulusin sakan ka ji ƙarar turmi. A riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo kansa: tun muna yara ƙwaƙwalwarmu ta saba da gani ya riga ji.

Sai hoto. Fim jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa bi da bi, guda 24 a kowane sakan, sai ƙwaƙwalwa ta haɗe su ta ga motsi. Kowane hoto yana tsayawa kimanin kashi 42 cikin 1,000 na sakan. A wannan ɗan taƙin, sauti zai yi tafiyar mita 14 ne kacal. Masu fim sukan ɗauki hoto da kyamara, su naɗi sauti da wata na'ura daban. Domin a haɗa su daga baya, akan buga wani ɗan allo mai baki kamar almakashi a gaban kyamara kafin a fara. Mai tace fim zai nemo hoton da bakin allon ya rufe, ya nemo ƙarar bugun a cikin sautin, ya ɗora wannan kan wancan. Da zarar sun hau, duk abin da ya biyo baya ya daidaita.

Yanzu mun zo kan ƙwaƙwalwa, kuma a ganina nan ne darasin ya fi armashi. Mutum ba da kunne kaɗai yake jin magana ba, har da ido. A 1976 masana biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, suka nuna wa mutane hoton bakin da ke furta "ga", alhali sautin da aka ɗora masa "ba" ne. Yawancinsu suka ce "da" suka ji. Wato ƙwaƙwalwa ta karɓi shaidar ido da ta kunne, ta sasanta su, ta fitar da abu ɗaya. Muddin motsin baki da murya sun iso kusan lokaci guda, takan yanke hukunci cewa tushensu ɗaya ne.

Sai dai wannan rangwame yana da iyaka, kuma iyakar ba ɗaya ba ce ta ɓangarorin biyu. Ma'aunin da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar ya nuna cewa mai kallo yakan fara lura da matsala idan sauti ya riga hoto da kashi 45 cikin 1,000 na sakan, wato kimanin hoto ɗaya. Idan kuwa sautin ne ya makara, sai ya kai kashi 125, wato hotuna uku, kafin a ankara. Dalili shi ne abin da muka gani a wurin mai daka. Makarar sauti abu ne da muka saba da shi, amma ba wanda ya taɓa jin ƙarar turmi kafin taɓarya ta sauka.

Ga yadda ake aiki da wannan sani. Domin fim ɗin Bohemian Rhapsody, an gina kwafin dandamalin Wembley a wani tsohon filin jirgin sama da ke Bovingdon a Ingila. A irin wannan aiki akan kunna waƙar da lasifika, ɗan wasa ya bi ta da murya da gaske, domin idan leɓe kawai ya motsa, jijiyoyin wuya da numfashi za su tona shi. Inda aka fi kama kuskure shi ne a kan baƙaƙen da masana harshe ke kira leɓawa, irin su b da m, saboda dole leɓɓa su haɗu a fili kafin a furta su. Masu kallon finafinan Kannywood sun san wannan, tunda can ma mawaƙi ne ke rerawa a situdiyo, jarumi ya hau kan waƙar.

Saura abu ɗaya, amsa-kuwwa. Sauti yakan bugi bango ya dawo. Idan bangon ya kai nisan mita 17, zuwa da dawowa zai ci kashi ɗaya cikin goma na sakan, kunne ya ji shi a matsayin sauti na biyu. Babban fili yana da irin tasa amsa-kuwwar, ƙaramin ɗaki ma haka, kuma da ita kunne yake gane girman wuri. Saboda haka masu haɗa sauti sukan auna ta da kulawa, su ƙara ta idan kyamara ta koma can bayan taro, su rage ta idan ta matso fuskar mawaƙi. Cikin lambobin yabo na Oscar huɗu da fim ɗin ya samu a 2019, biyu na aikin sauti ne.

Ɗalibi, ga aikin gida. Ka sa abokinka ya tsaya a wancan ƙarshen filin ƙwallo ya yi tafi, ka lura da tazarar da ke tsakanin gani da ji. Sannan ya riƙa matsowa taku goma-goma, ka rubuta nisan da ka daina jin tazarar a mita, ka raba shi da 343 don ka samu tsawon tazarar a sakan.