DARASI: TUKUICI YA FI BULALA

Duk wanda ya taɓa kai dabbobi Tamanrasset ta Agadas, Arlit, Asamaka da Ingizam ya san cinikin can na ba ni gishiri in ba ka manda ne: mu kai dabba, mu ɗauko dabino. Ya kuma san in babu takardar likitan dabbobi, garke ba ya wuce iyaka. A 2014 da ciwon baki da kofato ya ɓulla a Aljeriya, rufe kasuwannin dabbobi aka yi. Saniya ɗaya mai cuta tana iya tsai da cinikin kowa.

To wa ke fara ganin saniyar ta daina ci? Yaron da ke kiwonta. Amma me muke yi masa in ya faɗa? Zagi, ko a zabtare masa lada. Shi ya sa yake yin gum har cutar ta bi garke. Mu da kanmu muka koya masa ɓoyewa.

Ga misalai biyu. A Cadi, daga shekarar 2000, an haɗa allurar shanu da ta yara da mata a rana ɗaya. Makiyayi ya fito don shanunsa, iyalinsa suka samu rigakafi. A Udaipur ta Indiya kuwa, an riƙa ba uwa kilo ɗaya na wani irin wake duk ranar da ta kawo ɗa allura. Binciken da aka buga a 2010 ya nuna yara 39 cikin ɗari sun kammala allurarsu a garuruwan da aka ba da wake, 18 inda aka kai allura ba wake, 6 kacal inda ba a yi komai ba.

Abin yi:

1. Yaron da ya fara kawo labarin dabba maras lafiya, a ba shi tukuici nan take, a gaban sauran.
2. Kada a yi alkawarin "sai mun dawo". Ɗan kaɗan a hannu ya fi mai yawa a baki.
3. Kada tukuicin ya rataya a kan "ba wadda ta yi ciwo", don wannan sayen ƙarya ne.
4. Yaron da ya je asibiti da zazzaɓi, a biya shi ladan ranar.

Kuɗin goro ne, ba su kai ɗan maraƙi ba. Allah ya tsare mana dukiya da lafiya, amin. Sai darasi na gaba.